Zaɓen Unguwa a Abuja: A Fara da Hanya Kafin a Kai ga Gida

Duk wanda aiki ko kasuwanci ya kawo Abuja, tambayarsa ta farko ita ce ina haya ta fi sauƙi. Tambayar na da dalili, domin a wannan gari kuɗin shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma na shekara biyu yake nema, ga la'adar dillali da kuɗin takardar yarjejeniya da abin da ake ajiyewa saboda gyaran ɓarna. Sai dai wanda ya zaɓi unguwa bisa wannan tambaya kaɗai ya duba ƙaramin ɓangare ne na abin da zai kashe. Kuɗin haya sau ɗaya yake fita a shekara, shi ya sa yake da zafi kuma yake tsaya wa mutum a rai. Kuɗin mota da na ruwa da na wuta kuwa kullum suke fita kaɗan-kaɗan ba tare da an lura ba, kuma su ne ke cinye albashi. Shawarata ita ce a juya lissafin: a fara tantance hanyar da za a riƙa bi kowace safiya, sannan unguwar da ke kan wannan hanya, sai daga ƙarshe a nemi gida a cikinta. Wanda ya fara da gida ya bar wa dillali zaɓen yadda rayuwarsa za ta kasance tsawon shekara.

Yadda aka gina garin ne ya sa haka. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a 1976, aka kammala babban tsarinsa a 1979, fadar gwamnati kuma ta taso daga Legas a watan Disambar 1991 a zamanin Janar Babangida. Ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da manyan kamfanoni suka taru a tsakiya, a Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birnin kanta, amma gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya kamawa ba su wadata a can ba. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Malam Nasiru El-Rufai ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi waje. Abin da ya biyo baya shi ne aiki a wuri ɗaya, kwana a wani wuri mai nisa, sai manyan hanyoyi uku da ke ɗauke da kusan kowa. Akwai hanyar Kubwa, wadda ta bi ta Gwarinpa da Dutsen Alhaji da Dei-Dei ta kai Zuba, daga nan Madalla da Suleja a Jihar Neja. Akwai hanyar filin jirgi, wadda ta ratsa Lugbe, ta kai mutum mahaɗar Kuje ko ya zarce Gwagwalada. Sai hanyar Keffi, wadda ta tashi daga shataletalen AYA ta bi Nyanya ta faɗa Mararaba da Ado da Masaka a Jihar Nasarawa. Da safe jama'a na kwarara ciki ta waɗannan hanyoyi, da yamma su kwararo waje. Zaɓen unguwa a Abuja, in an duba da kyau, zaɓen ɗaya daga cikin ukun nan ne da kuma nisan da mutum zai zauna a kanta.

Matakin farko shi ne kada baƙo ya biya kuɗin shekara a makon da ya sauka. Ya nemi masauki na wucin gadi wajen ɗan'uwa ko abokin aiki ko ɗan garinsu, ya bar iyali a gida tukuna in da hali, ya ba kansa makonni kaɗan. A cikin waɗannan makonni zai rubuta wuraren da dole ya je su kusan kullum: wurin aiki ko shago, makarantar da yara za su shiga, wurin aikin maiɗakinsa in tana aiki. Waɗannan su ne turakun da za a ɗaure zaɓen a kansu. Wanda ofishinsa ke Asokoro ko Area 11 hanyar Keffi ce ta fi kusa da shi, wanda ke aiki a Jabi ko Utako ko Life Camp ɓangaren Kubwa ne nasa, mai aiki a filin jirgi ko Jami'ar Abuja kuwa ya dubi Lugbe da Kuje da Gwagwalada. Kuskure mai tsada shi ne mutum ya kama gida a wata hanya alhali aikinsa na bakin wata, ya zama sai ya ratsa tsakiyar gari kullum, ya shiga mota biyu ko uku kafin ya isa. Ɗan kasuwar da ke da shago a Dei-Dei ba shi da abin da zai kai shi Karu da ke hanyar Keffi, komai kyawun gidan da aka nuna masa.

Bayan ya ware unguwa biyu ko uku, sai ya gwada hanyar da ƙafarsa, a lokacin da zai riƙa binta. Dillalai sun fi son kai mutum ganin gida da hantsi ko ranar Asabar, lokacin da titi ke fayau, sai a ce masa ai minti ashirin ne zuwa cikin gari. Gaskiya ne minti ashirin ne a wannan lokaci. A koma ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe a tsaya a bakin titin Mararaba, a ga tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a sami mota, da wanda ake ɗauka kafin a wuce Nyanya. A sake gwadawa da ƙarfe biyar na yamma daga tashar Berger ko ta Area 1. A lura da abin da taswirar waya ba ta nunawa: nisan gidan daga babban titi, ko sai an hau acaɓa ko keke kafin a fito, nawa ake biya, da ko ana samunsu bayan isha'i. Tun 2006 aka hana acaɓa aiki a tsakiyar birni, saboda haka mutum ya san da wace mota zai ƙarasa daga inda aka sauke shi zuwa ƙofar ofis. Mai sha'awar jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya dawo aiki a watan Mayun 2024, ya je ya ga tashar da idonsa, domin layin ya haɗa tsakiyar gari da Idu da filin jirgi da ɓangaren Kubwa ne kawai, kuma tasha mai nisa da gida amfaninta kaɗan ne.

Daga nan sai alƙalami da takarda. Ma'aikacin da ke fita kwana biyar a mako yana yin tafiya kusan sau 260 a shekara. A ɗauka, don misali kawai, unguwa mai nisa ta fi ta kusa tsadar mota da naira 2,000 a rana, zuwa da dawowa. A shekara naira 520,000 ke nan. In mutum biyu ne ke fita daga gidan, ya haura miliyan ɗaya. Wannan adadi shi za a ɗora a kan kuɗin hayar unguwa mai nisa kafin a kwatanta ta da ta kusa, kuma sau da yawa ratar da ta ruɗi mutum tun farko sai a ga ta ragu ƙwarai ko ta ɓace. Kowa ya sa farashin da ya gani da idonsa a ranar gwaji, ya kuma bar sarari, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama abin da ake iya dogara da shi. Kuɗin haya a daskare yake har shekara ta zagayo, kuɗin mota kuwa yana iya tashi gobe da safe. Wanda ya zauna nesa ya ɗauki wannan kasada a wuyansa ko bai sani ba.

Akwai kuma abin da ba a biya da naira. Wanda ke ɓata sa'a ɗaya da rabi zuwa, ɗaya da rabi dawowa, a kwana 260 ya yi sa'o'i 780 a cikin mota, wato fiye da wata guda cur, dare da rana. Magidancin da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i yana barin yara suna barci ya tarar da su suna barci. Ba ya sanin malaminsu na Islamiyya, ba ya sanin abokan da babban ɗansa ke yawo da su, duk nauyin tarbiyya ya koma kan uwa ita kaɗai a garin da ba ta da dangi. Ga gajiya da ke rage ƙwazon aiki, ga makara da ke ɓata suna wajen shugaba, ga haɗarin shiga motar 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, wanda ya fi faruwa ga mai tsayar da mota a bakin titi da duhu. A ganina wannan asara ta fi ta kuɗi nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita ranar biyan haya.

Za a ce wannan magana ce ta masu hali, talaka inda kuɗinsa ya kai nan yake zama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba wanda zai ce wa mai ƙaramin albashi ya nemi gida a Wuse II. Matsalarsa ta gaske ita ce kuɗin haya a dunƙule ake nemansa, kuɗin mota kuwa a gutsure, saboda haka ko da lissafin shekara ya nuna gidan kusa ya fi sauƙi, ba shi da abin da zai ajiye a yau. Amma ko a cikin wannan ƙunci akwai zaɓi. Tsakanin Nyanya da Masaka akwai tazara mai yawa a kan titi ɗaya, haka tsakanin Dutsen Alhaji da Suleja. Ɗaki ɗaya kusa da babban titi yakan fi ɗaki da falo da sai an hau acaɓa sau biyu kafin a kai. Gwauro ko saurayi na iya haɗa kuɗi da abokin aiki su kama wuri mai kusa. Mai adashi na iya tsara kwasarsa ta faɗo a watan biyan haya, wanda kuma ma'aikatarsu ke da ƙungiyar taimakon juna ya tambayi ko tana ba da rancen haya. Ƙarancin kuɗi dalili ne na ƙara tsananta lissafi, domin mai hali in ya yi kuskure zai tashi ya bar sauran kuɗinsa, talaka kuwa sai ya zauna a cikin kuskurensa har shekara ta cika.

In hanya ta yi, sai a juya ga ruwa da wuta, waɗanda su ma haya ce ta biyu. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma ta ƙasa yake zuwa, wajen Ushafa a yankin Bwari, kuma bai kai ko'ina ba. Unguwanni da yawa na bayan gari, har da sababbin rukunin gidaje masu kyan gani, rijiyar burtsatse suka dogara da ita ko 'yan ga-ruwa. Alamar a fili take: in ka ga kurar ruwa na kai da kawo a layi tun da safe, famfon da ke cikin gidan ado ne. A tambayi nawa ake sayar da jarka, nawa take kaiwa a watan Maris lokacin da rijiyoyi ke ja baya, a ninka da abin da iyali ke sha da wanka da wanki. In gidan na da burtsatse, a san wa ke biyan wutar jawo ruwan, wa kuma ke gyara injin in ya lalace. Ta ɓangaren wuta, kamfanin AEDC ne ke rarrabawa a Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi, kuma layukan sun kasu rukuni-rukuni bisa sa'o'in da aka yi alkawari. Rukunin A, wanda aka ce zai sami aƙalla sa'o'i 20 a rana, an ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024. Mai sana'ar da ke buƙatar wuta, kamar tela ko mai sayar da ƙanƙara, wannan tsada na iya fiye masa sauƙi a kan man janareta. Mai ƙaramin albashi kuwa ya sani tun kafin ya shiga. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne mita: gidan ya kasance yana da tasa mai kati, a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, a kuma guji gidan da mutum goma ke raba mita ɗaya, domin rigimar ƙarshen wata ba ta ƙarewa.

Damina kuma tana da nata hukuncin. Ruwan Abuja na farawa wajen Afrilu ya kai Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, garin kuma tuddai ne da kwaruruka, an yi gine-gine da yawa a kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta auka wa rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023 ta nuna cewa katanga da ƙofa da mai gadi ba sa tare ruwa, mazauna wasu sassan Lokogoma ma sun sha ganin irin haka. Wanda ke neman gida da rani sai ya koyi karanta alamu: layin danshi a jikin bango, sabon fenti da aka shafa daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa, buhunan yashi a lungu, kwalbatin da shara ta toshe, zaizayar da ta cinye gefen hanya. Ya duba ko gidan na ƙasa da titi. Ya tambayi 'yan acaɓar layin ko suna shiga bayan an yi ruwa, su ba su da dalilin ɓoye masa.

Sai maganar ƙasa da takardu, wadda ɗan haya kan ɗauka ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi, domin katafila in ta zo ba ta tambayar wa ya gina, wa ke haya. A Babban Birnin Tarayya ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, ministan birnin ne ke da ikon rabawa, bayanan filaye kuma suna ofishin AGIS. Gidaje masu yawa a ƙauyukan da birni ya haɗiye an gina su ne a filin da aka saya wajen masu unguwa ko 'yan asalin wurin, Gbagyi da sauransu, ba tare da takardar gwamnati ba. Su ne suka fi araha kuma suka fi kusa da gari, shi ya sa suke jan hankali. Ba na cewa kada a zauna a cikinsu, dubban mutanen kirki na can, amma a shiga da sani: a duba ko akwai jan fenti na alamar rusau a layin, ko gidan na ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko a bakin rafi, kada kuma a biya fiye da shekara ɗaya. A kuma san a wace hukuma ake. Mararaba na ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, dabam da Karun da ke cikin Abuja, Suleja da Madalla kuma na Neja, saboda haka in rigimar haya ta taso kotu da 'yan sandan waɗannan jihohi ne za a je wa. Kafin kuɗi ya fita a ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa da maƙwabta suka sani, a biya ta banki da sunan da ke kan yarjejeniya, domin ba yau aka fara karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya ba.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce, Bahaushe ya nemi inda 'yan uwansa suke ya zauna, shi ke nan. Ba zan raina wannan ba. Unguwar da ke da masallacin da za ka taka da ƙafa, da Islamiyyar yara, da mahaucin da ka yarda da yankansa, da maƙwabciyar da za ta zauna da maiɗakinka ranar haihuwa, ta ba ka abin da kuɗi ba ya saye. Ranar rashin lafiya ko rasuwa ake gane haka. Amma zama cikin dangi ba ya rage nisan hanya, ba ya kawo ruwa, kuma yana da nasa nauyin, domin gidan da kowa ya sani shi ne masaukin duk wanda ya zo neman aiki daga gida. Abin farin ciki, a kowace daga cikin hanyoyin uku akwai jama'ar Arewa masu yawa, daga Zuba da Dei-Dei zuwa Gwagwalada zuwa Mararaba, saboda haka ba dole ba ne a zaɓi tsakanin hanya da 'yan uwa. A zaɓi hanya, sannan a nemi 'yan uwa a kanta. Haka kuma yawan masu harshe ɗaya ba shi ne tsaro ba. Sace-sacen mutanen da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 sun fi shafar gidajen da ke ƙarshen gari, jingine da daji da duwatsu. Abin dubawa shi ne ko gidan na tsakiyar mutane, ko akwai 'yan sintiri da ake biya kuma suke fita, ina ofishin 'yan sanda mafi kusa, da kuma ƙarfe nawa shaguna ke rufewa. Layin da mai shayi ke zaune har ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya faɗi halinsa da kansa.

Waɗannan amsoshi duk a bakin mutanen unguwa suke, in an san wanda za a tambaya. Dillali la'adarsa yake nema, mai gida kuma so yake ɗakinsa ya shiga. Mai shagon layi, mai wanki da guga, ɗan ga-ruwa, ladanin masallaci, da ɗan hayar da ke shirin tashi, su ne masu labari. A sayi wani abu, a zauna, a gaisa sosai kafin a yi tambaya, kuma tambayar ta zama mai kan gado: yaushe taransifoma ta lalace ta ƙarshe, wata nawa ta yi, nawa kowane gida ya bayar? Me ya sa wanda ke ɗakin nan ya tashi? Mai gidan kan ƙara haya duk shekara? Magidanci ya zo da maiɗakinsa ta ga wurin kafin a biya, domin ita ce za ta wuni a ciki, kuma za ta ga abin da shi ba zai gani ba: inda za a yi girki da shanya, ko banɗakin haɗaka ne da wasu maza, nisan kasuwa da injin niƙa, titin da yara za su tsallaka zuwa makaranta. A auna tafiyar dare zuwa asibiti, ko babban asibitin Kubwa ne ko na Nyanya ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, a san wa ke da mota a layin in naƙuda ta tashi da ƙarfe biyu.

Saura ƙorafin da dillalai suka fi amfani da shi, cewa gida ba ya jira, in ba ka biya yau ba wani zai biya gobe. Wani lokaci gaskiya ne, gida mai kyau a wuri mai kyau ba ya daɗewa. Maganinsa shi ne a gama binciken unguwa tun kafin a fara ganin gidaje. Wanda ya riga ya gwada hanya, ya san farashin jarka, ya san layukan da ruwa ke ci da waɗanda ba ya ci, in aka kira shi ganin ɗaki a layin da ya amince da shi abin da ya rage masa kaɗan ne: rufi, mita, famfo, mai gida da takarda. Wannan aikin wuni ɗaya ne, kuma zai iya biya washegari da kwanciyar hankali. Wanda kuma ke tsoron za a sauya masa wurin aiki, ko kasuwar ba za ta karɓe shi ba, ya tsaya a shekara ɗaya, ya fifita gidan da ke kusa da mahaɗar motoci irin su Zuba ko Nyanya ko bakin titin Lugbe, ya kuma sa a rubuta a yarjejeniya wa'adin sanarwar da kowane ɓangare zai bayar, wanda ke da alhakin manyan gyare-gyare, da sharaɗin mayar masa da kuɗin ajiyarsa ranar da zai miƙa makulli.